Yadda Ake Komawa Gudu da Takalmi Shafal Ba Tare da An Ji wa Ƙafa Ciwo Ba

Tun ranar da abokan sassarfa suka lura da takalmin da nake fita da shi bayan sallar asuba a kewayen Filin Sukuwa, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya aiko saƙo da tsakar dare: ina ake samunsa, nawa ne, ba ya cin ƙafa a kan kwalta, da gaske yana maganin ciwon gwiwa? Na daɗe ina ba da amsa guntu-guntu, hankalina kuma bai kwanta ba, domin a wannan harka guntuwar amsa tana iya kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala. Don haka ga bayanin a jere, daga gwajin ƙafa har zuwa gudun kilomita biyar.

Takalmin da nake nufi shi ne wanda aka ƙera domin ƙafa ta yi aikinta kamar ba ta sanye da komai: ƙasansa siriri, babu tudu a dunduniya, gabansa da faɗi. Ni takalmi shafal nake ce masa, da sunan kuma zan ci gaba.

Akwai tunanin da ke yaudarar mu Kanawa. Mun tashi muna buga ƙwallo a lungu ba takalmi, mun girma cikin silifa, sai mu ɗauka ƙafarmu ta riga ta ƙware. To, ƙafar yaro mai kilo 30 daban, ƙafar magidanci mai kilo 80 da ya shekara ashirin tsakanin sau-ciki, babur da kujerar ofis daban. Wannan tunanin ne ya sa ni gudun kilomita takwas a mako na biyu da sayen nawa na farko. Ƙashin saman ƙafata ya tsage, na yi wata biyu ina ɗingishi. Ba na so wani ya bi ta wannan hanyar.

Mataki na 1: Gwada ƙafarka kafin ka je kasuwa

A tsakar ɗakinka za ka fara. Cire takalmi ka yi gwaji uku. Tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 ba tare da ka dafa komai ba. Sannan ka dafa bango da yatsu biyu kawai, ka ɗaga dunduniya sama da ƙafa ɗaya, ka sauke ta a hankali, sau 20. Na uku, kana tsaye, danna babban yatsa a ƙasa ka ɗaga sauran huɗun, sannan ka juya, huɗun a ƙasa babban a sama. Kowane gwaji ka yi shi a ƙafar dama da ta hagu.

Idan biyu daga ciki sun gagare ka, babu laifi, sai dai za ka ninka zamanka a Mataki na 5. Na ukun yakan gagari kusan kowa da farko, yana zuwa da maimaici.

Hattara: mai ciwon suga kada ya shiga wannan harka sai da amincewar likitansa, musamman wanda ya fara jin ƙafa tana dindiris ko tana zafi kamar barkono da dare. Suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. Haka wanda bai daɗe da karaya ko targaɗe ba, da wanda agararsa ko dunduniyarsa ke ciwo a yanzu, da dattijai da iyayenmu mata da likita ya ce ƙashinsu ya yi rauni.

Ga wani gargaɗi da ba kasafai ake yinsa ba. Maganin ciprofloxacin, wanda ake yawan sha a garin nan da sunan taifot, yana raunana agara har yakan kai ga tsinkewarta, haɗarin kuma yakan ɗore bayan an gama shan maganin. Idan kana shan sa ko ka gama kwanan nan, dakata, ka tambayi likita lokacin da za ka fara.

Mataki na 2: Gane na gaske

Ba kowane takalmi mara nauyi ne shafal ba, kuma duk abin da ka tambayi mai shago zai ce akwai. Bar bakinsa, sa hannunka ya yi bincike.

Fara da tudun dunduniya. Yawancin kambas ɗin gudu da muka saba da su, dunduniyarsu ta fi gaba tsayi da milimita 8 zuwa 12. A shafal na gaske gaba da baya daidai suke. Zura hannu ɗaya ciki, ɗaya a waje, ka matsa ƙasan a dunduniya, ka sake matsawa a gaba. Kaurin ya zama ɗaya, kuma kada ka ji wani ƙullutu a tsakiya da aka yi don tallafar kwarin tafin ƙafa.

Sai laushi. Nannaɗe shi kamar tabarma, daga yatsu zuwa dunduniya, sannan ka murɗa shi kamar kana matse wanki. Wanda ya ƙi, ajiye shi.

Faɗin gaba shi ne gwajin da na fi ba wa muhimmanci, shi ne kuma mutane suka fi tsallakewa. Zare shimfiɗar ciki, ajiye ta a ƙasa, taka ta da dukkan nauyinka, ka baza yatsu. Idan babban yatsa ko ƙarami ya leƙo waje, takalmin ya yi maka kaɗan ko da lambarka ce a jikinsa. Babban yatsa shi ne ginshiƙin tura jiki gaba. Takalmi mai tsinin baki yana tanƙwara shi ciki, ka ga amfanin da kake nema ya tafi kenan.

Kaurin ƙasa yakan kama daga milimita 3 zuwa 10. Ga mai farawa a titunan Kano, da tsakuwarsu da fasassun kwalabensu, ina ba da shawarar 6 zuwa 10. Mai sirantar gaske ya jira shekara ta biyu.

Hattara: silifa ba shafal ba ce, duk da ba ta da tudu. Tunda ba ta kama dunduniya, dole yatsu su ƙanƙame ta a kowane taku don kada ta fice, wannan kuma akasin abin da ake so ne.

Mataki na 3: Auna ƙafa

Kayan aiki: farar takarda, biro, rula. Yi awon da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan wunin zirga-zirga. Jingina takardar da bango, taka ta yadda dunduniya za ta taɓa bangon, wani ya zana maka kewayen ƙafar kana tsaye. Auna daga bango zuwa yatsa mafi tsawo, wanda a wurin wasu ba babban ba ne, mai bi masa ne. Auna ƙafa biyu, ɗauki wadda ta fi girma, ƙara santimita 1 zuwa 1.5.

Kada ka dogara da lamba. 42 na wannan kamfani ba lalle ya zama 42 na wancan ba, tsawon santimita za ka duba a jadawalinsu. Yanke zanen da almakashi ka sa a aljihu. A kasuwa sai ka zura shi cikin takalmi, idan gefensa ya lanƙwashe ka san amsa tun kafin ka cire naka.

Mataki na 4: Saye, da abin da zai ci maka

Hanya uku ce, kowacce da kuɗinta da tarkonta.

Ta farko oda daga waje. Sanannun sunaye su ne Vivobarefoot na Ingila, Xero Shoes na Amurka, Vibram FiveFingers mai gidan yatsu biyar, da Merrell Vapor Glove. Sababbinsu yawanci daga wajen dala 100 suke tashi, Vivobarefoot kuwa yakan haura 150. Akwai masu sauƙi irin su Whitin da Saguaro, da ake samu tsakanin dala 30 zuwa 50. Lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin jigila da na kwastan, ka kuma sani cewa mayar da takalmin da bai yi maka daidai ba daga Kano kusan asara ce biyu. Shawarata, na farkonka ya zama mai sauƙin kuɗi. Cikin 'yan watanni yatsunka za su iya bajewa har ka buƙaci wanda ya fi faɗi, kuma mai yiwuwa ka gwada ka ga harkar ba taka ba ce.

Ta biyu gwanjo, a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Sabon Gari. Nan sa'a ce da naci. Ƙulla sabo da mai takalma ɗaya ko biyu, nuna musu hoto a waya, ka bar lambarka su kira ka ranar da aka fasa dila. Masu saye sun fi rububin kambas mai tudu, saboda haka shafal yakan yi kwantai, wannan kuma riba ce gare ka wajen ciniki. Kafin ka taya, ɗaga ƙasan ka duba daidai inda tushen yatsu ke zama, can yake fara cinyewa. Ja bakin roba ka ga ko gam ya saki. Ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri, idan ya karkace gefe guda, takun mai shi na farko ya riga ya zauna a ciki, bar shi. Wanda ka saya, wanke shi da sabulu ciki da waje, ya bushe ƙarau kafin ka sa, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu yana bin takalmi.

Hattara: a cikin dila akwai takalman shiga ruwa masu kama da shafal sak. Robarsu ba ta jure kwalta, gabansu kuma galibi matsattse ne. Sun yi don yawon tsakar gida, ba don gudu ba.

Ta uku, wadda na fi ƙauna, ita ce baduku. Garin da ke da Kasuwar Kurmi da dukawa bai kamata ya rasa mai yanka masa takalmi ba. Kai masa zanen ƙafarka, ka nemi ya yanka shimfiɗaɗɗiyar roba mai kaurin milimita 5 ko 6, ya sa maɗauri mai laushi da zai ratsa tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya zagaye dunduniya, ya ɗaure a saman ƙafa. Mutanen Tarahumara na ƙasar Meziko da irin wannan, na tsohuwar taya, suke gudun dogon zango a kan duwatsu. Sai dai ka shirya wa gardama. Dattijon da ya yi mini nawa sai da ya ce, "Ɗana, takalmi ba dunduniya ai bai cika takalmi ba, bari in sa maka 'yar kaɗan." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, rashin dunduniyar shi ne aikin." Ka tsaya a kan bakanka cikin ladabi, ka kuma roƙe shi ya lafe ƙullin da ke ƙasa don kada ya riƙa sukar ka. Kuɗinsa gaba ɗaya ba ya kai kuɗin jigilar na waje.

Ƙarin kashe kuɗi kaɗan ne: safa marar matsi, domin matsattsiyar safa tana haɗe yatsun da takalmin ya sake. Tsohon kambas ɗinka kuma kada ka kyautar, za ka buƙace shi wata da watanni.

Hattara da talla. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don sasanta ƙarar da aka shigar a Amurka kan iƙirarin cewa takalminsa yana ƙarfafa ƙafa yana rage rauni, ko da yake bai amsa laifi ba. Duk wanda ya ce maka takalmi kaɗai zai warkar da gwiwa ko baya, ciniki yake nema. Abin da shafal ke yi shi ne sauya wa nauyi wurin sauka: yakan rage wa gwiwa, ya ƙara wa sharaɓa, agara da ƙasusuwan tafin ƙafa.

Mataki na 5: Mako huɗu na tafiya zalla

Nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane, nan ne kuma ake gina komai. A mako huɗun farko babu gudu da sabon takalmi, ko na tsallake titi.

Makon farko, minti 30 zuwa awa ɗaya a rana: tsakar gida, zuwa masallaci, zuwa mai shayi. Mako na biyu, awa biyu. Na uku, rabin wuni. Na huɗu, wuni guda idan ƙafa ba ta yi ƙorafi ba. Kada ka raina tafiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Liverpool, aka wallafa a 2021, ya nuna mutanen da suka yi wata shida suna harkokinsu na yau da kullum da irin wannan takalmi ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin ɗari. Ba gudu suka yi ba. Wanda burinsa lafiyar ƙafa kawai, yana iya tsayawa a wannan mataki har abada, kuma ya ci riba.

Tare da tafiyar, ware minti goma kullum don atisaye, ba takalmi:

Hau matakala ko dakali da gaban ƙafa, dunduniya a iska. Ɗaga da ƙafa biyu, sauko da ƙafa ɗaya kana ƙirga uku a hankali. Sau goma, zagaye uku. Wannan shi ne abincin agara, in za ka bar sauran kada ka bar shi.

Shimfiɗa tawul a kan siminti, jawo shi da yatsu har ya tattaru. Mirgina ƙwallon goruba ko kwalbar lemo a ƙarƙashin tafin ƙafa na minti biyu. Saka yatsun hannu tsakanin yatsun ƙafa ka juya su a hankali. Sai tsuguno, dunduniya a ƙasa, na minti ɗaya. A nan kam mun fi Turawa gata, da yawanmu ba mu taɓa daina tsuguno da zaman tabarma ba, idon sawunmu bai sandare ba.

Wata gatar ita ce alwala. Sau biyar a rana hannunka yana bin ƙafarka har tsakanin yatsu. Mayar da wannan lokacin dubawa: bororo, tsagewar fata, kumburi, ko wurin da ya yi zafi da ka shafa. Abin da mai gudu a wata ƙasa zai kwana uku bai gani ba, kai kafin la'asar ka gan shi.

Mataki na 6: Zaɓi wuri da lokaci

Mutane suna zaton yashi ko ciyawa ne ya fi dacewa da mai koyo. Ni ban yarda ba. Wuri mai laushi yana ɓoye kuskure, za ka riƙa dirka dunduniya ba ka ji ba, ga ƙarangiya da tsidau da ƙusa a ɓoye. Rairayi mai zurfi kuma yana wahalar da agara. Shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai santsi ko tatacciyar ƙasa mai tauri ta fi, domin nan take take gaya maka idan ka taka ba daidai ba.

Titunan cikin Nasarawa da sassafe, filayen wasa na Jami'ar Bayero ga wanda ke da damar shiga, da gefen filayen ƙwallo irin na Mahaha a Ƙofar Na'isa, duk suna yi. Ko ina ka zaɓa, fara zaga shi da tafiya da rana tsaka ka san ramukansa. Guji sabon burji, guji gefen titin da ake gyara, guji bakin garejin makanikai da wurin masu walda saboda guntayen ƙarfe.

Lokaci kuwa, bari gari ya ɗan waye. Da kambas mai kauri kana iya taka abu a duhu ka wuce, da shafal dole idonka ya riga ƙafarka. Ka riƙa fuskantar ababen hawa, kada ka ba 'yan adaidaita sahu baya, kada kuma ka toshe kunne biyu.

Hattara: kada zumuɗi ya sa ka cire takalmin gaba ɗaya a titi ko a fili. Ban da kwalba da ƙusa, ƙasar da ake bahaya a kusa da ita tana ɗauke da tsutsar da ke huda fatar ƙafa ta shiga jiki ta riƙa shan jini a hanji. Idan kuma ƙarfe ya soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka je a duba batun allurar tetanus a ranar.

Mataki na 7: Fara gudu

Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Kowace fita ka buɗe ta da tafiyar minti goma.

Mako na 5: gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau biyar. Shi ke nan. Za ka ji kamar ba ka yi komai ba, ka koma gida a haka.
Mako na 6 da na 7: gudu minti ɗaya, tafiya minti ɗaya, sau takwas.
Mako na 8 da na 9: gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya, sau shida.
Mako na 10 zuwa na 12: gudu minti biyar sau biyu, a hankali ya zama minti goma zuwa sha biyar a jere.
Daga wata na huɗu: ƙari kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi makon jiya, har ka kai kilomita biyar. Ga yawancin mutane wannan yana cin wata shida, wasu shekara.

Dalilin wannan jan ƙafa shi ne sassan jiki ba tare suke sabawa ba. Numfashi da tsoka suna sabawa cikin makonni, agara da ƙashi sai watanni. Shi ya sa gogaggen mai gudu ya fi sabon shiga haɗari: ƙirjinsa yana iya ɗaukar kilomita goma, ƙasusuwan tafin ƙafarsa ba su iya ba. A wani bincike na Jami'ar Brigham Young a Amurka da aka wallafa a 2013, an bi masu gudu da suka koma irin wannan takalmi cikin mako goma, hoton MRI ya nuna fiye da rabinsu sun samu alamar kumburi a cikin ƙashin ƙafa. Idan dama kana gudu, ci gaba da yawancin zangonka da tsohon kambas, ka riƙe shafal a 'yar jaka, ka sauya a mintunan ƙarshe bisa jadawalin nan.

Yanzu taku. Gajarta shi. Ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jikinka, ba can gabanka ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Tsakiyar ƙafa ko tushen yatsu ya fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo baya ta taɓa ita ma a hankali. Ƙirga takunka na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Idan ka samu ƙasa da 160 a minti, takunka ya yi tsawo, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan zuwa wajen 170 ko 180 ba tare da ka ƙara sauri ba. Babban malami kunnenka ne. Idan kana jin fat-fat-fat, kana marin ƙasa. Nemi takun da mai shara a bakin titi ba zai ɗago kai ba sai ka wuce.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu a kan yatsu kamar mai sanɗa, dunduniya ba ta taɓa ƙasa sam. Wani ya ji an ce kada a sauka da dunduniya, sai ya rataye ta a sama. Kwana biyu sharaɓa za ta ɗaure tamau, agara ta kumbura. Sake ƙafar, bar dunduniya ta sauka.

Hattara kuma: hawan Dutsen Dala ko Goron Dutse da gudu, da tsere da abokai, da buga ƙwallo da shafal, duk su jira bayan wata shida. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako guda, ɗaya za ka zaɓa.

Mataki na 8: Rarrabe gajiya da rauni

Jiki magayi, amma sai ka san harshensa. Tsamin sharaɓa a ƙafa biyu, wanda ke zuwa washegari ya lafa cikin kwana biyu ko uku, wannan sabo ne, ba komai. Ka huta har ya wuce, ka maimaita makon da kake ciki.

Waɗannan kuwa tsayawa suke nufi. Ciwo a saman ƙafa, wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, mai ƙaruwa idan ka danna ko ka yi tsalle, wani lokaci da ɗan kumburi: alamar tsagewar ƙashi ce, galibi ƙashin da ke bayan yatsa na biyu ko na uku. Ciwon dunduniya mai suka a takun farko idan ka tashi sallar asuba: jijiyar tafin ƙafa ce ta gaji. Agara mai tauri da safe, ko mai ƙullutu idan ka matsa ta. Da duk ciwon da ya sa ka sauya tafiya, ko wanda ke ƙafa ɗaya kawai yana ƙaruwa.

Idan ka ga ɗaya, koma tsohon takalmi, daina gudu. Bai lafa cikin mako guda ba, ko taka ƙafar yana gagara, je asibiti, Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa da kai. Ka sani cewa ƙaramar tsagewa sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi a mako biyu ko ukun farko, saboda haka hoto mai kyau bai ba ka izinin komawa gudu ba matuƙar ciwon yana nan. Warkewarta takan ci mako shida zuwa takwas.

Hattara: kada ka kai irin wannan ƙafa a ja ta ko a murza ta da ƙarfi da sunan targaɗe, tsagewa tana iya zama karaya. Kada kuma ka sha diclofenac ko ibuprofen don ka samu damar fita gudu. Ciwon ne kaɗai mai gaya maka gaskiya, kada ka rufe masa baki.

Mataki na 9: Hunturu, bazara, damina

Da hunturu abokin gaba faso ne. Dunduniyar da ta tsage ba ta yarda ta taɓa ƙasa, sai takunka ya lalace ba ka sani ba. Da dare jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, goge kaushi sama-sama da dutsen goge ƙafa, shafa man kaɗanya ko basilin, sa safa ka kwanta. Kada ka yanke kanta da reza.

Da bazara, watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Siririyar roba ba ta tare wannan. Gudu ya ƙare kafin ƙarfe takwas na safe. Idan azumi ya zo kana tsakiyar jadawali, tsaya a makon da kake, kada ka ƙara komai, ka mayar da fitar bayan an sha ruwa a wuri mai fitila.

Da damina, kada ka taka ruwan da ba ka ganin ƙasansa, kuma jiƙaƙƙen takalmi yana kawo bororo. Wanke shi da hannu da ruwan sanyi, cusa masa tsohuwar jarida, shanya a inuwa mai iska. Ranar Kano tana sakin gam, kada ka bar shi a kan katanga ko cikin but ɗin mota.

Shafal ba shi da soson da zai mutu, saboda haka ba a ƙirga masa kilomita kamar kambas. Duk ƙarshen wata zare shimfiɗar ciki, ɗaga takalmin ka fuskanci haske, ka danna ƙasan da babban yatsa daidai tushen yatsu. Idan zanen robar ya shafe a wurin, ko ka ji ta yi laushi kamar leda, kai wa shumeka ya lika masa siririn falle a duk tsawon ƙasan, daga yatsu har dunduniya, kauri ɗaya, ƙafa biyun tare.